Gado, Ciwon Maƙogwaro da Cutar Fata ta Soriyasis: Tambayoyi da Amsoshi

Yaro ɗan shekara 9 ya yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro cikin hunturu. Kwana huɗu zuwa biyar ya warware, ya koma makaranta, kowa ya manta. Bayan mako biyu uwarsa ta tuɓe masa riga za a yi wanka, sai ta ga bayansa da ƙirjinsa sun cika da ƙananan tabo kamar an yayyafa masa ruwa, kowanne da ɗan ɓawo fari-fari a samansa. Kaka ta ce ƙyanda ce ta ɓuya, maƙwabciya ta ce makero ne, mai kemis ya miƙo man shafawa. Babu wanda ya tuna da maƙogwaron, alhali daga can maganar ta taso.

Mece ce soriyasis?

Cuta ce ta fata da garkuwar jikin mutum ke haddasawa da kanta. A lafiyayyen jiki, ƙwayar fata tana ɗaukar kusan kwana 28 kafin ta taso daga ƙasa ta iso sama ta bushe ta faɗi, ba tare da mutum ya lura ba. A mai soriyasis wannan tafiya ta wata guda takan ƙare cikin kwana 3 zuwa 5. Fatar da ba ta nuna ba sai ta taru a sama, ta yi kauri, ta riƙa saɓa tana zubar da gari. Ta fi son gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, fatar kai da ƙasan baya. Takan ɓata farce, wasu kuma ta sauka musu a gaɓɓai da ciwo da kumburi.

Littattafan likitanci na cewa tabon ja ne da ɓawo kalar azurfa. Wannan a jikin Bature ke nan. A baƙar fata tabon yakan fito ne ruwan ƙasa mai duhu, ko ya ɗan yi shunayya, ɓawon kuma toka-toka. Shi ya sa ake yawan ɗaukar ta a matsayin makero ko kyasbi, wadda ke kai kuma a ce amosani ne ya yi yawa.

Wane iri ne ke biyo bayan ciwon maƙogwaro?

Wanda ake kira mai ɗigo-ɗigo. Sunansa a likitance ya samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin ɗigon ruwa, don haka tabon yake: ƙanana, yawanci ba su kai santimita 1 ba, da yawa, a warwatse a gangar jiki da damatsa da cinyoyi. Suna fesowa lokaci guda, mako 1 zuwa 3 bayan ciwon maƙogwaron, kuma sun fi kama yara da matasa 'yan ƙasa da shekara 30.

Ba sabon sani ba ne. Tun 1916 wani likitan fata a Amurka, Winfield, ya rubuta a kan marasa lafiyar da soriyasis ta fito musu bayan kumburin tansil, wato tsokokin nan biyu da ke gefen maƙogwaro dama da hagu. Daga baya aka gane mai laifin: wata bakteriya mai suna Streptococcus pyogenes, wadda ma'aikatan asibiti ke taƙaitawa su ce sitiref. A ƙananan yara wani lokaci ba a maƙogwaro take zama ba, a kewayen dubura take, wurin ya yi ja yana zafi, kuma ita ma tana iya tayar da ɗigo-ɗigon.

Wanda ya daɗe da soriyasis mai faɗin tabo, wato irin da aka fi gani a gwiwa da fatar kai, shi ma bai tsira ba. A ƙasar Aislan an bi mutum 208 masu cutar ana lura da su, aka wallafa sakamakon a 2003: sun fi sauran mutanen gidajensu yawan ciwon maƙogwaro, kuma fatar takan tsananta bayan kamuwa da sitiref.

Ina ruwan maƙogwaro da fata?

Tambayar da ta fi kowace daɗi ke nan, don bakteriyar ba ta zuwa fatar. Ko an kankare tabon an kai ɗakin gwaji ba za a same ta a ciki ba. Abin da ke tafiya daga maƙogwaro zuwa fata sojojin jiki ne.

Tansil kamar shingen bincike ne a bakin gari. Duk abin da ya shigo ta baki ko hanci, a nan wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T ke tare shi su ƙare masa kallo, su haddace kamanninsa. Sitiref tana sanye da wata riga ta furotin da ake kira furotin M. Matsalar ita ce wasu sassan wannan riga sun yi kama da keratin, furotin da ke cikin fatar mutum, musamman nau'i na 16 da na 17. Sojan da aka horar a tansil ya farauci mai riga kaza, in ya shiga jini ya iso fata ya ga mai irin rigar, sai ya far masa. Ɗan gida ne, amma kama ta ja masa. Masu bincike a Rekyabik, babban birnin Aislan, ƙarƙashin Helgi Valdimarsson sun shafe shekaru a kan wannan bayani, kuma an samu ƙwayoyin T 'yan asali ɗaya a tansil da kuma cikin tabon fatar mutum guda.

Akwai hanya ta biyu. Sitiref na fitar da wasu dafi masu tayar da ƙwayoyin T da yawa a lokaci guda ba tare da tantancewa ba, kamar a buga gangar yaƙi a tsakiyar kasuwa. Wannan hargitsi yana sa ƙwayoyin su ɗauki wata alama a jikinsu wadda ke jan su zuwa fata. Da sun isa sai su fara sakin sinadaran kumburi, babba a cikinsu shi ne IL-17, wanda ke umartar fata ta yi ta haihuwar sababbin ƙwayoyi babu ƙaƙƙautawa. Tsawon lokacin da wannan shiri ke ɗauka shi ne makonnin nan da ke tsakanin ciwon maƙogwaro da fitowar tabo, kuma shi ya sa iyaye ba sa haɗa biyun.

Yara da yawa na yin wannan ciwon maƙogwaro. Me ya sa ɗaya ne kawai zai fito da tabo?

A nan gado ya shigo. Manomi ya san shukar binne: a zuba iri cikin busasshiyar ƙasa kafin damina, ya kwanta shiru. Ruwan farko zai sauka a kan gonar da aka binne da wadda ba a binne ba, amma ɗaya ce za ta tsiro. Sitiref ita ce ruwan, irin kuwa tun daga haihuwa yake kwance.

Mafi ƙarfin wannan iri shi ne wata ƙwayar gado mai suna HLA-Cw6, wadda ke kan kuromozom na 6, ɗaya daga cikin zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Aikin dangin HLA shi ne su ɗauko guntun furotin su ɗaga shi a saman ƙwayar jiki don sojoji su duba, kamar mai talla ya ɗaga faranti. Kowa yana da HLA, amma farantin kowa da irin fasalinsa. Na mai Cw6 yana riƙe wasu guntaye, na sitiref da na fatarsa, ta yadda sojojin za su ɗauke su abu guda. An daɗe da sanin cewa wannan yanki na kuromozom na 6 yana da hannu a cutar, a 2006 kuma wani babban bincike ya nuna Cw6 ce da kanta. A Aislan an ga mai kwafi ɗaya na Cw6 haɗarinsa ya ninka kusan sau 9, wanda ya gaji kwafi biyu, daga uwa da uba, ya haura sau 20.

Tun a 1985 likitoci biyu a Jamus, Henseler da Christophers, suka raba cutar gida biyu. Wadda ke farawa kafin shekara 40 ita ce mai bin dangi, mai alaƙa da Cw6, mai tashi bayan ciwon maƙogwaro. Wadda ke zuwa da girma ba ta cika nuna waɗannan ba. A cikin masu ɗigo-ɗigo kuwa, mafi rinjaye masu Cw6 ne.

Duk da haka kada a ɗora wa Cw6 kayan da ba nata ba. Cikin mutum 10 masu ɗauke da ita, kusan ɗaya ne zai taɓa yin soriyasis. Kuma an gano wurare sama da 60 a cikin ƙwayoyin gado da ke ƙara nasu ɗan nauyin, yawancinsu masu kula da garkuwar jiki ne. Ɗaya daga cikinsu, ERAP1, ita ce ke yayyanka furotin kafin a ɗora shi a farantin HLA, kuma tasirinta ya fi fitowa a jikin mai Cw6. Tagwaye masu kama ɗaya ma, waɗanda gadonsu iri ɗaya ne sak, sau da yawa Hassan ya kamu Husaini bai kamu ba.

Kenan kamar sikila ake gadonta? Ya kamata a gwada kafin aure?

A'a, kuma wannan kwatancin yana ruɗar mutane. Sikila lissafinta a fili yake: AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Soriyasis ba ta da irin wannan lissafi, don ba ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da ita ba, kuma sai wani abu daga waje ya taɓo ta.

Abin da ake da shi ƙiyasi ne daga bin iyalai. Wani bincike a Jamus a 1982 ya samu cewa in iyaye biyu suna da cutar, kusan kashi 41 cikin 100 na 'ya'yan kan samu. In ɗaya ne, kashi 14. In babu kowa a gidan, kashi 2. Waɗannan alƙaluma na Turawa ne, amma darasinsu a bayyane yake: mai soriyasis da ya auri wadda ba ta da ita, mafi yawan 'ya'yansu lafiya lau za su tashi. Ban ga dalilin fasa aure a kan wannan ba, kuma babu likitan da ke sa gwajin Cw6 cikin gwaje-gwajen kafin aure. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar yaro ya gaji kwafi biyu in ƙwayar tana cikin dangin, gaskiya ne. Amfanin sanin haka shi ne a riƙa sa ido kan maƙogwaron yaran gidan.

Ana ɗaukar ta?

Ba a ɗauka. Ko an ci a kwano ɗaya, an kwana a shimfiɗa ɗaya, an yi musabaha, an yi aure. Sitiref ɗin ce ake ɗauka ta tari da atishawa, wanda ya ɗauka kuma ciwon maƙogwaro zai yi. Soriyasis kuma ba kuturta ba ce. Turai ta shafe ƙarnuka tana haɗa su, ana ware masu soriyasis tare da kutare, har sai da Ferdinand von Hebra, wani likitan fata na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, ya raba su a 1841. Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri a kan cutar a 2014, wanda a ciki ta ambaci tsangwamar da masu ita ke sha, kuma 29 ga Oktoba ce ranar soriyasis ta duniya. Babu dalilin hana yaro zuwa makaranta ko islamiyya don tabon jikinsa.

Yaya za a gane ciwon maƙogwaron na sitiref ne?

Yawancin ciwon maƙogwaro na bairas ne, irin mai zuwa da mura, tari, majina da dashewar murya. Na sitiref yakan faɗo ne farat ɗaya: zazzaɓi mai zafi, haɗiyar yawu ta zama aiki, tansil su kumbura su yi ja, wani lokaci da farin mugunya a kansu, kaluluwa ta fito a ƙarƙashin muƙamuƙi tana zafi in an taɓa. Tari kuwa yawanci babu. Ya fi kama 'yan shekara 5 zuwa 15, inda yake da kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ciwon maƙogwaronsu. A manya bai kai haka ba.

Ido kaɗai ba ya yanke hukunci. Ana goga auduga a maƙogwaro a kai ɗakin gwaji. In kuma tabon ya riga ya fito, maƙogwaron ya warke, akwai gwajin jini mai suna ASO da ke nuna sawun sitiref na makonnin baya. Abin da zai fi taimakon likita shi ne uwa ta ce, "Likita, mako biyu da suka wuce ya yi ciwon wuya har ya kasa cin tuwo." Wannan jimla ɗaya takan gajarta bincike. A babban mutum likita zai iya neman gwajin tunjere, don a mataki na biyu kurajenta na kama da waɗannan, da kuma na ƙanjamau in cutar ta zo da ƙarfi ba zato. Kada a ji haushi, ƙa'idar aikin ce.

In an sha maganin kashe bakteriya, tabon zai tafi?

Hankali zai ce eh, amma gwaji bai tabbatar ba. Ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken likitanci, ta tattara binciken da aka yi a kan haka a 2019, ta ga hujjar ba ta kai a ce maganin na warkar da fatar ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: lokacin da tabo ya fito, sojojin sun riga sun bar bariki.

Amma a sha maganin in an tabbatar da sitiref, saboda wani dalilin da ya fi fata nauyi. Irin wannan kuskuren kama da ke sa garkuwar jiki ta far wa fata, shi ne ke sa ta far wa ƙofofin zuciya a wasu yaran. Daga nan ake samun zazzaɓin da ke kumbura gaɓɓai ya lalata zuciya, cutar da ta yi sauƙi ƙwarai a Turai amma har yau take kwantar da matasa a Afirka. Fenisilin ko amoksisilin na kwana 10 cikakku ne ke tare wannan. Abin da aka saba, a sayi ƙwaya shida a kemis, yaro ya ji sauƙi ranar ta uku a ajiye sauran, bai biya buƙata ba.

Na ji ana cire tansil don wannan cuta. Gaskiya ne? Cire beli zai wadatar?

Akwai ƙamshin gaskiya a na farkon. A Aislan an ɗauki mutum 29 masu daɗaɗɗiyar soriyasis da ke tsananta bayan ciwon maƙogwaro, aka cire wa 15 tansil, aka bar 14. Sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna 13 daga cikin 15 ɗin sun samu sauƙin da ya kai kashi 30 zuwa 90 cikin 100 har tsawon shekara biyu, waɗanda ba a yi wa aikin ba kuwa suna nan yadda suke. A 2016 masu binciken suka ƙara da cewa masu kwafi biyu na Cw6 su suka fi cin moriya. Sakamako ne mai ban sha'awa, sai dai mutum 29 ba su da yawa, sauƙi ne aka samu ba rabuwa da cutar ba, kuma aikin yana da haɗarin zubar jini. Shawara ce da likitan fata da na kunne, hanci da maƙogwaro za su yanke tare, ga wanda tansil ke yawan kumbura masa kuma kowane karo fatar ta biyo baya.

Beli kuwa wani abu ne daban. Shi ne ɗan naman da ke reto a tsakiyar ganda, wanda wanzami ke yankewa. Tansil suna gefe, kuma a cikin ramukansu sitiref ke ɓuya. A yanke beli, tansil na nan daram, an dai ƙara wa yaro rauni, da haɗarin zubar jini da shigar wata cutar ta aska.

Akwai ma wani abin da ya kamata mai soriyasis ya sani game da aska. A shekarun 1870 wani likita Bajamushe, Heinrich Köbner, ya lura cewa duk inda aka ji wa fatar mai cutar rauni, sabon tabo kan fito daidai wurin, ya bi sawun raunin. Tsaga, ƙaho, susa da ƙarfi, dirza da soso mai kaushi don a kankare ɓawon, duk suna iya zana sabuwar cuta a inda da babu.

Zai tafi, ko ya zo ke nan?

Ɗigo-ɗigon farko yakan baje da kansa cikin wata 3 zuwa 4. Wasu ba za su sake ganin sa ba har abada, wasu sai sun sake yin ciwon maƙogwaro. Kusan ɗaya cikin uku kuma cutar kan rikiɗe ta zama mai faɗin tabo, mai tafiya tana dawowa.

Abin da ke tayar wa iyaye hankali a nan shi ne sawun da yake bari. A baƙar fata, bayan ɓawon ya tafi wurin yakan yi fari-fari ko ya yi baƙi ƙirin, ya ɗauki watanni kafin launi ya daidaita. Ba cutar ce ke ci gaba ba, kuma ba ya buƙatar man bilicin.

Me ya sa ba a cika jin ta a ƙasashenmu ba?

Cutar ta fi yawa can arewacin duniya. A Norwe akwai garin da binciken ya samu fiye da mutum ɗaya cikin 10 na manya suna da ita. A Afirka kuma likitocin fata sun daɗe da lura cewa ta fi yawa a gabas, irin su Kenya da Uganda, fiye da yamma. Abin ɗaure kai shi ne Cw6 ba baƙuwa ba ce a jinin 'yan Afirka, sitiref ma ga ta nan birjik. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa biyun ba su ne dukkan labarin ba. Sauran ƙwayoyin gado da yanayi, har da hasken rana wanda aka san yana kwantar da cutar, suna da nasu rabon. A nawa ganin akwai kuma waɗanda ba a ƙirga ba. Likitocin fata 'yan kaɗan ne, yawancinsu a manyan asibitocin koyarwa, mutumin ƙauye mai tabo a gwiwa kuma sunan da za a ba ciwonsa kyasbi ne, ya shafa abin da ya samu ya ci gaba da noma.

Kafin a ga likitan fata, me za a yi, me za a guje wa?

A riƙa shafa mai sosai, basilin ko man kaɗanya, da zarar an fito wanka jiki na da danshi, musamman cikin hunturu da fata ke tsagewa. Ruwan wanka mai ɗumi, ba mai ƙuna ba. Ɗan zama a hantsi yana taimakawa. A asibiti akwai man sitirod na ɗan lokaci, da man kalsifotiriyol, da na kwalta, da gashin haske na musamman inda ake da na'urar. Mai tsanani akan ba shi metotireksat, wanda sam ba a ba mai ciki ko mai neman ciki. Sababbin alluran da ke toshe IL-17 da IL-23, wani sinadarin kumburin, suna aiki matuƙa, tsadarsu ce ta fi ƙarfin yawancin mutane.

Abin gudu na farko shi ne ƙwayoyi da alluran sitirod, irin su firedinisolon da deksametason, da ake sayarwa kamar gyaɗa. Suna share fatar cikin kwanaki, mutum ya yi ta sa wa mai kemis albarka, ranar da aka daina kuma cutar ta dawo ninki, wani lokaci da ƙurajen mugunya a duk jiki da zazzaɓi har sai an kwantar da shi. Mayukan nan masu haɗi uku da na bilicin da yawansu akwai sitirod mai ƙarfi a ciki, suna sirantar da fata. Taba sigari, giya, ƙiba da yawan damuwa duk suna hura wutar. Akwai kuma magungunan da ke tayar da ita: kulorokwin, litiyam, da wasu na hawan jini irin su firofaranolol da atenolol. Mai shan na hawan jini kada ya daina da kansa; ya kwashi kwalayen maganin gaba ɗaya a leda ya kai wa likitan ya duba.